Zane-zane da zaman mata na taimaka wa mai endometriyosis?

Tambaya: Likita, na shekara shida ina fama da matsanancin ciwon mara ana ce mini sanyi ne, sai bara aka gano endometriyosis. Ƙawata da ke Ingila ta ce a can har tara masu ciwon ake yi suna zane-zane. Magani ne ko ɓata lokaci?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Zane ba ya taɓa tushen cutar. Wata tsoka ce mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar, a kan gidan ƙwai ko bututunsa, wani lokacin har hanji da mafitsara, tana kumbura duk wata. Wannan sai maganin rage zafi, magungunan daidaita sinadaran al'ada, ko tiyatar da ake yi ta ƙaramar ƙofa a ciki.

Amma ba ɓata lokaci ba ne. Ciwon da ya daɗe yakan sa jijiyoyi su riƙa kai saƙon zafi fiye da kima, damuwa da rashin barci kuma su ƙara masa wuta. A nan zane, saƙa, ɗinki ko rubutu ke da amfani: hankali ya kwanta, barci ya samu. Tun 1942 wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, ya raɗa wa wannan hanya suna "art therapy", wato jinya ta hanyar zane, bayan ya yi jinyar tarin fuka. Abin da na fi so a ciki shi ne zana jiki: ki zana siffar mace a takarda, ki sa ja inda ke suka, baƙi inda ke nauyi, ki rubuta ranakun. Abin da kunya ta hana baki faɗa, kamar zafi lokacin saduwa ko bayan gida, takardar za ta nuna wa likita.

Zaman taron kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kusan miliyan 190 ke da cutar, wato ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa. Duk da haka kowace gani take ita kaɗai ce, don ta sha jin "raki ne" ko "in kin haihu zai wuce". Mata huɗu ko biyar sun isa, ko a tsakar gida ko a WhatsApp. Sai dai ku kafa sharaɗi tun farko: ba a fitar da sirrin kowa, ba a tallar maganin sanyi, kuma kada wata ta ajiye maganinta sai da sanin likitan mata.