Me ya sa jirgi ke dakatar da hawa jim kaɗan bayan ya tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan jiya na dawo Abuja daga Landan. Mintuna kaɗan bayan tashinmu daga filin jirgin Heathrow sai na ji ƙarar injin ta ragu, jirgin ya daina hawa ya miƙe, har gabana ya faɗi na ɗauka matsala ce, can kuma sai ya ci gaba da hawa. Wanda ke zaune kusa da ni ya ce doka ce ta hana matuƙi wuce wani tsayi. Shin gaskiya ne? Ni na ɗauka matuƙi ne ke da ikon hawa yadda ya ga dama. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maƙwabcinka na kujera gaskiya ya faɗa maka, kuma abin da ya tsorata ka alama ce ta cewa matuƙan sun yi aikinsu yadda ya kamata.

Manyan jiragen fasinja ba da ido ake tuƙa su ba, da na'urori ne, domin hazo ko gajimare ko duhun dare na iya rufe komai. Saboda haka kowane babban filin jirgi yana da tsararrun hanyoyin fita waɗanda aka zana a taswira, matuƙa na kiransu SID a taƙaice. Tun jirgi na ƙasa jami'in kula da zirga-zirgar jirage zai faɗa wa matuƙi wadda zai bi, shi kuma ya maimaita masa, sannan ya shigar da ita cikin kwamfutar jirgin. Taswirar tana nuna inda za a juya, da saurin da ba za a wuce ba, da kuma tsayin da ake so jirgi ya kasance a kai idan ya iso wasu wurare masu suna. Idan an ja layi a ƙarƙashin adadin, ma'anarsa kada ka iso wurin kana ƙasa da haka. Idan layin a samansa yake, kada ka wuce shi. Idan kuwa sama da ƙasa aka ja, to daidai wannan tsayin ake bukata, ba ƙari ba ragi.

Iyakar ƙasa tana kare jirgi ne daga abin da ke doron ƙasa, wato tsaunuka da dogayen gine-gine da turakun sadarwa. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ɗora lissafinta a kan cewa jirgi zai hau aƙalla ƙafa 200 a kowane mil na teku, wato kashi 3.3 cikin ɗari na nisan da ya ci. Inda akwai tsauni a gaba, sai a rubuta adadin da ya fi wannan a taswira, kuma wajibi ne matuƙi ya tabbatar jirginsa zai iya kafin ya karɓi hanyar. Lissafin ba shi da wuya: jirgin da ke gudun mil 180 a awa yana cin mil 3 a minti, don haka idan an bukaci ƙafa 400 a kowane mil, dole ya hau ƙafa 1,200 a minti ɗaya. Nauyi da zafi kan rage wa jirgi ƙarfin hawa, shi ya sa jirgin alhazai da ya cika maƙil a Kano da tsakar ranar watan Afrilu ba zai hau kamar yadda zai hau da asubahin hunturu ba. Idan lissafi ya nuna ba za a kai ba, abin da ya dace shi ne a rage kaya ko a nemi wata hanyar tun ana ƙasa.

Amma abin da ka gani a Landan ɗaya ɓangaren ne, wato iyakar sama, kuma ita ce ta fi ba matuƙa wahala, domin abin da take kare ka daga gare shi ba ya cikin taswira, yawo yake yi. Jiragen da ke jiran sauka a Heathrow suna kewayawa ne a wurare huɗu da ke zagaye da birnin, Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, hawa-hawa kamar bene, na ƙasansu yana wajen ƙafa 7,000. Ƙa'ida ita ce a bar ƙafa 1,000 tsakanin jirgi da jirgi, shi ya sa hanyoyin fita daga Heathrow suke tsayawa a ƙafa 6,000. Jirginku ya isa wannan tsayi, sama da shi akwai wasu jiragen, sai ya miƙe yana jiran izini. Jirgin da ya daina hawa kuwa ba ya bukatar ƙarfin injin kamar da, ga kuma dokar kada a wuce gudun mil 250 na teku a awa ƙasa da ƙafa 10,000, don haka sai a rage wuta. Idan ka ji a jikinka kamar kuna faɗuwa, ruɗin kunnen ciki ne, wanda kan fassara raguwar hawa a matsayin gangarowa.

A Amurka akwai wurin da ya fi wannan matsi. Ƙaramin filin Teterboro da ke jihar New Jersey yana ƙarƙashin hanyar jiragen da ke sauka a babban filin Newark, har ta kai shekaru da dama ana tsayar da jiragen da suka tashi ta kudu maso yamma a ƙafa 1,500 kacal. Ƙananan jiragen alfarma masu ƙarfin injin kan kai wannan tsayi cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba, a daidai lokacin da matuƙi ke naɗe tayoyi, yana juyawa, yana kuma sauya tashar rediyo. Filin ya yi suna wajen yawan masu zarce iyakar, kuma ba don rashin ƙwarewa ba, sai don aiki ya taru a cikin daƙiƙu kaɗan. Zarcewar ƙafa 300 kawai ta isa a rubuta rahoto a kai.

Inda na fi so ka fahimta shi ne abin da ke faruwa idan jami'in kula da zirga-zirgar jirage ya ba da sabon tsayi ta rediyo. A ce taswira ta ce kada a wuce ƙafa 5,000 kafin wani wuri, sai jami'i ya ce a hau zuwa 10,000. Shin iyakar nan ta faɗi ke nan, ko tana nan? Shekaru da yawa amsar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, alhali matuƙi ɗaya ne ke kwana nan ya tashi can. A Amurka, idan jami'i ya ce "climb and maintain", wato hau zuwa tsayi kaza ka tsaya a kai, to ya soke iyakokin tsayin da ke taswirar, amma a tsarin ICAO iyakokin suna nan daram sai an soke su da baki. Don toshe wannan ɓaraka Amurka ta shigo da kalmomin "climb via SID" a watan Afrilun 2014, ICAO ma ta bi sahu a watan Nuwambar 2016. Ma'anarsu ita ce ka hau, amma ka kiyaye duk abin da aka rubuta a hanya. A ganina gyaran ya taimaka ƙwarai, sai dai ba kowace ƙasa ce ta karɓe shi a lokaci guda ba, shi ya sa nake gaya wa masu koyo cewa duk lokacin da zuciya ta yi kokwanto a danna rediyo a tambaya. Tambayar daƙiƙa biyar take ci, kuma babu jami'in kirki da zai ji haushinta.

Akwai wani kuskure mai sauƙin aukuwa da ya shafi na'urar auna tsayi, wadda da nauyin iska take aiki. Idan matuƙi ya saita ta da adadin da ya kauce da maki 10 na ma'aunin hektofaskal, jirgin zai kauce da kusan ƙafa 300 alhali allon gabansa na nuna masa daidai yake. Wannan ne dalilin da matuƙan biyu suke karanta wa juna adadin da baki, kuma idan ɗaya ya murɗa sabon tsayi a na'urar tuƙi sai ɗayan ya duba ya furta shi.

Game da ikon matuƙi da ka tambaya, yana da shi, amma na ranar larura ne. Idan injin ya mutu, ko na'urar gargaɗin karo ta umarce shi ya hau ko ya sauka nan take, to doka ta ba shi damar barin taswira ya ceci jirgi, ya yi bayani daga baya. Kamfanoni ma kan tanadi hanya ta daban da za a bi idan injin ɗaya ya tsaya, domin an zana SID ne bisa cewa duk injina na aiki. In ban da irin wannan hali, zai zauna a ƙafa 6,000 ɗinsa har jami'in da ke kallon rada ya ga sama ta buɗe ya ba shi izini, kuma ƙarar da ka ji ta dawo a lokacin ce.