Amsa ga ƙanenmu da aka goge wa tallar tantabaru

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ranar Laraba ka sa hoton 'yan shilarka guda biyu nau'in Fantail a wannan zaure namu na masu kiwon tantabaru kana neman mai saye, kafin ka waiwaya an goge, an kuma bi ka da gargaɗi cewa talla sai ranar Lahadi, ita ma sai da farashi da sunan gari da bidiyo. Kana tambaya ko wannan ba zalunci ba ne, tunda kai ɗalibi ne mai neman kuɗin tsaba, ba ɗan kasuwa ba, kuma ko gara ka fice daga zauren.

Don Allah kada ka fice. Na san abin da ka ji a ranka, domin ni ma an taɓa goge min, kuma a lokacin kuɗin geron nake nema kamar kai. Mutum ya raini tsuntsu tun yana ƙwai, ya jira kwana 17 zuwa 18 na kwanci, ya ga an ƙyanƙyashe, ya ga gashi ya fito, sannan ranar da zai nuna wa 'yan'uwa a share kamar ya ɗora abin kunya. Da zafi, wallahi. Amma ba don irinka aka kafa dokar nan ba. Don wani mutum aka kafa ta, kuma ina cikin waɗanda ya cuta.

Ba zan kama suna ba, tsofaffin 'yan zaure sun san shi. A lokacin ba doka, kowa talla yake yi sanda ya ga dama. Wannan bawan Allah tun asuba zai fara ɗora nau'o'in tantabaru: King, Lahore, Jacobin, Pouter, hoto bayan hoto, har dare. Wani zai shigo hankali a tashe ya ce tantabararsa ta daina cin abinci, kafin a ba shi amsa tallar mutumin nan ta binne tambayar. Bai taɓa rubuta farashi ba, kullum "a same ni ta gefe". Da zarar ya ɗora, sai wasu mutum biyu ko uku su fito suna yabo, wannan ya ce na saya a wajensa, mutum ne mai amana, wancan ya ce in ba a saya ba ni na taya kaza. Daga baya muka gano yaransa ne, ɗaya ma lambarsa ce ta biyu.

Na sayi Lahore mace da namiji a hannunsa. Kuɗin da na tara ne da niyyar gyara rufin ɗakin tantabaruna kafin damina. Da kwalin ya iso tasha na buɗe, na ga ba su ne na cikin hoton ba, sun fi ƙanƙanta, macen ta takure. Na kira shi, ya ce gajiyar hanya ce, in ba su ruwa da sukari. Na ware su a keji daban kamar yadda muka saba, amma gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, ba inda zan kai su da nisa. Ba a jima ba macen ta fara zawo kore tsararo, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai wuya ya murɗe, ta kai baki ga tsaba ta kuskure. Namijin ya bi ta. Daga nan ciwon ya shiga ɗaki.

Ƙanena, ban san ko ka taɓa buɗe ɗakin tantabaru da safe kana tsoron abin da za ka tarar ba. Kullum sai na kwashi gawa. Akwai wata farar uwa da na fara kiwo da ita, duk rabin ɗakin jikokinta ne, ta san ƙarar kwanon tsabata, tana sauka a kafaɗata. A hannuna ta mutu, kanta a juye yana kallon sama, 'yan shilarta biyu suna kuka a sheƙa ba mai ba su abinci. Na gwada ɗura musu da sirinji, ba su yi rai ba. 'Yata ƙarama ta tsaya tana tambayata me ya sa suke kwana a ƙasa. Likitan dabbobi ya zo ya ce paramyxovirus ne, ɗan'uwan ciwon Newcastle da ke ƙarar da kaji, ba shi da magani in ya kama, sai dai rigakafi tun da wuri da kuma kula da waɗanda suka rage. Na sake kiran mutumin, ya ce ai tsuntsu rai gare shi, shi ba ya riƙe da rai. Na ce to ka gaya wa mutane su daina saye daga wannan ɗakin har ciwon ya wuce. Ya kashe waya. Washegari da asuba ya ɗora sabuwar talla, yaransa suna ta yabo a ƙasa. Wannan ne abin da har yau ban iya haɗiyewa ba. Kuɗin na bar shi da Allah, amma ya san ɗakinsa da ciwo ya ci gaba da aika wa mutane. Akwai wanda ya aika wa har Zariya, akwai na Katsina, duk labari ɗaya muka zo da shi.

Bayan haka ne aka zauna aka tsara abin da ya same ka ranar Laraba. Aka ce talla rana ɗaya a mako, don sauran kwanakin mai tambayar ciwo ya samu amsa. Aka ce farashi a fili, don kada a sayar wa wanda ya sani da arha a tsuga wa sabon shiga. Aka ce bidiyo, a ji muryarka kana faɗin ranar, a ga tsuntsu yana tafiya yana tsattsagar tsaba, domin hoto kowa na iya ɗauko na wani ɗaki a Pakistan ko Turkiyya ya ce nasa ne. Aka hana tayin ƙarya, kuma wannan ba mu muka ƙirƙiro ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya ɗaga wa wani farashi. Ya kuma hana yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, shi ya sa in wani ya ɗora tallarsa ba a yarda ka shiga ƙasa ka ce "ina da irinta da rahusa" ba.

Abin da zan gaya maka shi ne, mutane a nan ba hoto suke saye ba, mutum suke saye. Kai sabo ne, ba wanda ya san ɗakinka. Ka riƙa shigowa sauran kwanaki. Ka nuna yadda ka gina sheƙa, ka faɗi haɗin tsabarka, dawa nawa gero nawa, ko kana sa wake. In wani ya ce ya ga abu rawaya-rawaya a maƙogwaron ɗan shila kuma ka taɓa fama da shi, gaya masa, ka tuna masa iyaye ne ke ɗura wa 'ya'ya ciwon ta abincin da suke ba su baki da baki, don haka har iyayen za a yi wa magani. Nuna tsuntsunka don sha'awa ba a hana ba, amma kada ka yi dabarar rubuta "masha Allah" ka ɗora lambar waya a ƙasa, an san wannan, kuma yana zubar da mutunci fiye da tallar kai tsaye.

Kuma ban ji ka faɗi shekarun 'yan shilar ba, wato kwanansu nawa. In ba su kai wata guda ba, ba su fara ci da kansu sosai ba, kada ka sayar ko da ranar Lahadin ce. Za su mutu a hannun mai saye, sunanka ne zai ɓaci. Ka faɗi gaskiyar jininsu, in gauraye ne ka ce gauraye ne, akwai masu so. In ka yi musu rigakafi ka faɗa, in ba ka yi ba ka faɗa. Mu da muka ga 2006, lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, aka riƙa kashe kaji ana binnewa, ta kuma dawo Kano a 2015, ba ma wasa da maganar tsuntsu mai shigowa daga wani ɗaki. Duk abin da ka sayo, ko daga hannuna ne, ka killace shi wata guda, kwanon ruwansa daban.

Masu kula da zaure, ku ma ina da magana da ku, cikin girmamawa. Yaron nan bai san tarihin ba. Kafin ku goge wa sabon shiga, ku kira shi gefe ku yi masa bayani, kada gargaɗi a bainar jama'a ya zama gaisuwar farko. Kuma ina ganin wasu manya da ake ɗaga wa ƙafa su yi talla ranar Alhamis a yi shiru. In haka ta ci gaba, yara irin wannan suna da gaskiya in sun ce zalunci ne.

In Allah ya kawo mai saye daga wani gari, ku yi magana tun farko kan wa zai biya kuɗin mota, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin saƙo kan kusa kai kuɗin tsuntsun. Kada ka saki kaya sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ka huda kwali ta ko'ina, ka shimfiɗa ɗan ƙaiƙayi a ƙasa, ka kai tasha da sassafe su bi motar farko kafin rana ta yi zafi, ka roƙi direba kada ya sa su a but. Ka karɓi lambarsa ka tura wa mai saye tun motar ba ta tashi ba.