Amsa ga mai tambaya a kan bututun jirgin da ya ɓalle

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta cewa kan jirginka na Hornby, wato ɗan ƙaramin samfurin jirgin ƙasa na kamfanin Hornby, ya faɗo daga tebur, bututun hayaƙinsa ya ɓalle, kuma kana tambaya ko sufa-gulu zai riƙe shi, sai da gabana ya faɗi, domin ta wannan hanyar na lalata jirgin da na fi ƙauna. Don Allah ka ajiye wannan gam ɗin tukuna.

Nawa jirgin na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, kuma ya yi shekaru a kabad ɗin gilashi a gidanmu na Aboabo a Kumasi ba abin da ya same shi. Rufin ɗakin direba ne ya rabu da jikinsa, sai na kai wa wani mai gyaran agogo a wajen Kejetia, ina ganin mai aiki da ƙananan abubuwa zai fi ni natsuwar hannu. Ko duba shi bai yi da kyau ba, ya ce mini, "Alhaji, wannan ai ba aiki ba ne," ya matsa gam ɗin kai tsaye daga bakin kwalbarsa. Ina tsaye ina kallo gam ya gangara ta cikin ɗakin direba har ya kai ga tayoyin baya. Washegari tagogin sun yi fari fat kamar an shafa musu alli, tayoyin sun ƙi juyawa, ga shatin babban yatsansa a kan koren fentin. Da na koma masa, sai ya ɗauko ruwan goge jan farce ya goga, fentin ya tashi, robar ta yi laushi ta kwaɓe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ba ni haƙuri ba, cewa ya yi kayan wasan yara ne. Har yau idan na buɗe kabad ɗin, wannan shatin yatsan nake fara gani.

Ka fara tabbatar da ko bututun roba ne ko ƙarfe. Idan roba ce, abin da ya dace shi ne gam ɗin da ake yi don robar irin waɗannan jirage, kamar Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, wanda yake ɗan narkar da fuskokin biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Ni ban same shi a shagunan Adum ba, sai ta intanet na saya. Ba ya kama fenti, saboda haka ka kankare fentin da ke daidai wurin haɗin da bakin reza, amma kada ka goge wurin karayar da sanfefa, domin waɗannan ƙananan haƙoran su ne za su mayar da bututun mazauninsa. Idan kuwa ƙarfe ne, ka nemi gam ɗin Araldite mai kwalba biyu, ka gauraya su daidai wa daida, ka bar shi awa 24 ba tare da ka taɓa ba.

Ka tuna ma'aunin OO, wanda ake ƙera irin waɗannan jirage a kansa, kashi 1 ne cikin 76 na girman jirgin gaske, wato ɗigon da ya kai milimita 3 daidai yake da dunƙulen da ya haura santimita 20 a jikin jirgin gaske. Shi ya sa ko sufa-gulun ya zama dole, a kan takarda ake ɗiga shi, a ɗebo da tsinken sakace. Danshi ne ke sa shi daskarewa, kuma da damina a Kumasi ba zai ba ka lokacin daidaita komai ba. Tururinsa ne ke farantar da tagogi, su kuwa tagogi farin gam ɗin kafinta ya ishe su, domin idan ya bushe ba ya nunawa.

Tun da bututu yakan sha taɓi, ni da zan huda rami na rabin milimita a ɓangarorin biyu, in sa guntuwar wayar tagulla a tsakani kafin gam. Ka gwada zamansa a bushe sau biyu ko uku tukuna. Ka turo mana hoton wurin karayar daga kusa, kuma kafin nan kada ka miƙa jirgin ga kowa.