Hukuncin Kwana Kai Kaɗai a Babban Otal: Amsa Ga Ma'aikacin Da Ake Turawa Legas

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin wani kamfani ne a Kano, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Kamfani kan tura ni Legas kwas, kuma su ke kama min ɗaki a wani babban otal a Ikoyi. Wannan karon zan sauka Lahadi da yamma, in baro Asabar da safe. Otal ɗin da mashaya a ƙasa, da wurin ninƙaya, kuma ko a ɗan firjin ɗaki suna ajiye giya. Wani abokina mai karatu ya ce haramun ne in yi tafiya ni kaɗai, haramun ne in kwana ni kaɗai a ɗaki, wai Annabi (SAW) ya kira mai tafiya shi kaɗai shaiɗan. Abin ya tsaya min a rai. Gaskiya ne? Kuma kasaru zan yi ko cikawa? Sannan Malam, a zuwana na baya kaɗaici ya dame ni, dare biyu na sauka mashayar na kalli ƙwallo a babban allonsu, lemo kawai na sha. A dare na biyun wata mace ta zauna kusa da ni muka ɗan taɓa hira har ta karɓi lambata, amma wallahi ban yi komai ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ba ka ɓoye ƙarshen labarin ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na lura abin da ya fi nauyi a cikinta shi ne ka liƙa a ƙarshe, ko alamar tambaya ba ka sa masa ba. Bari in fara sallamar abokinka, sannan in dawo kanka.

Hadisin da ya kawo maka yana nan, ba ƙirƙira ya yi ba. Imam Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa, haka Abu Dawud da Tirmizi: mahayi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu ne, uku su ne ayari. Bukhari kuma ya ruwaito daga Ibn Umar cewa da mutane sun san abin da ke cikin kaɗaici kamar yadda Annabi (SAW) ya sani, da babu mahayin da zai yi tafiyar dare shi kaɗai. Inda abokinka ya zame shi ne tsallen da ya yi daga lafazin zuwa "haramun", bai tsaya ya ga yadda malamai suka fahimce shi ba.

Ka ce masa ya buɗe babin da Bukhari ya ajiye hadisin Ibn Umar a ciki, babin tafiyar mutum shi kaɗai a Littafin Jihadi. Kafin wannan hadisi akwai na Jabir, mai ba da labarin ranar Handaƙ da Annabi (SAW) ya nemi wanda zai je ya leƙo labarin abokan gaba, Zubairu ya miƙe ya amsa. Bukhari bai haɗa su wuri guda don ado ba. Yana nuna maka cewa hanin na da mahalli, kuma buƙata na ɗage shi. A wannan yaƙin dai aka tura Huzaifa cikin dare mai sanyi da iska, shi kaɗai, ya kutsa sansanin Ƙuraishawa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Annabi (SAW) ba ya aiken sahabbansa su aikata haramun. Ƙari a kan haka, da Khabbab ya kawo kukan azabar da ake gana musu a Makka, busharar da aka yi masa ita ce addinin nan zai cika har mahayi ya tashi daga San'a zuwa Hadramaut ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kerkeci a kan tumakinsa. Mahayi ɗaya aka ambata, kuma a matsayin ni'imar da za a samu idan aminci ya zaunu.

Shi ya sa Imam Ɗabari ya ce wannan tsawatarwa ce ta ladabtarwa da shiryarwa saboda abin da ake ji wa mutum ɗaya tsoro, ba haramci ba ne, kuma Ibn Hajar ya kawo maganarsa a sharhin Bukhari. Khaɗɗabi ya ma fayyace dalilin: wanda ke tafiya shi kaɗai in ajali ya riske shi babu mai yi masa wanka, babu mai binne shi, babu wanda zai bar wa wasiyya, babu mai kai wa iyalinsa labari da kayansa. Wannan siffar mutum ce a kan raƙumi a tsakiyar sahara. Kai kuwa jirgi za ka hau daga filin Malam Aminu Kano tare da mutane cike da kujeru, sunanka a rubuce, ka sauka a gidan da ke da masu gadi, da lambar ɗaki, da waya a gefen gado. Cewa ba ka san na kusa da kai a jirgi ba bai mai da kai mai tafiya shi kaɗai a ma'anar hadisin ba, kamar yadda fasinjan motar haya daga Unguwa Uku zuwa Zariya ba shi kaɗai yake ba.

Saura batun kwana. Lafazin da ya hana mutum kwana shi kaɗai ya zo a Musnadin Imam Ahmad daga Ibn Umar, kuma masana hadisi sun yi saɓani a kansa. Wasu sun inganta shi. Wasu suka ce ƙarin "kwana" shazzi ne, wato bai inganta ba, domin mai ruwaya ɗaya ne ya zo da shi, alhali sauran waɗanda suka karɓa daga malami guda batun tafiya kawai suka ambata. Ko mun bi waɗanda suka inganta shi, hukuncinsa na ɗan'uwansa ne: ladabi, a wurin da ake tsoron cutuwa, irin kango ko gidan gona a daji. In ba haka ba sai mu ce gwauro, da mai gadi, da tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, da ɗalibin da ya kama ɗaki ɗaya a Samaru duk cikin saɓo suke kwana kullum. Babu malamin da ya faɗi haka. Ka gaya wa abokinka da lafazi mai daɗi cewa kalmar "haramun" tana da nauyi, ba a ɗora ta da hadisi ɗaya da aka tsinta ba tare da sharhinsa ba. Ina kuma zaton ba ka ba shi labarin mashayar ba, shi ya sa ya bar jaki yana dukan taiki.

Shi kansa kama ɗaki a otal ɗin da ake sayar da giya halal ne a asali. Haya ce ta wurin kwana, abin da ka biya dominsa halal ne, alhakin giyar na kan mai sayarwa da mai sha. In akwai otal mai tsabta daga wannan kuma zaɓi na hannunka, shi ya fi. Giyar firji ba mallakarka ba ce matuƙar ba ka taɓa ba, amma kada ka kwana da ita. Tun a teburin karɓar baƙi, kafin a miƙa maka katin buɗe ƙofa, ka ce a kwashe. Abu ne da suka saba ji, ba za su yi maka kallon baƙauye ba.

To, yanzu kai.

Zaman da ka yi a mashaya dare biyu haramun ne, ko da ruwan famfo ka sha. Hadisin Jabir a wajen Tirmizi a fili yake: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. An taɓa kawo wa Umar ɗan Abdul'aziz wasu mashaya, aka ce masa ɗaya daga cikinsu ai azumi ma yake yi, sai ya haɗa da shi a horon, ya karanta ayar Suratun Nisa'i mai cewa in kun zauna da su to ku ma kamarsu ne. Mai azumi bai tsira ba, balle mai lemo. Ka tuba daga wannan, tuba tsakaninka da Ubangijinka, ba sai ka je ka tayar wa matarka da hankali da labari ba.

Na yarda da rantsuwarka cewa ba ka yi komai ba. Amma ka lura da yadda abin ya tafi. Daren farko ƙwallo, dare na biyu ƙwallo da hira, daga hira lambar waya. Dare na uku bai zo ba ne don kwas ya ƙare. Yanzu ga shi za ka koma gidan nan dai, dare shida, akwai kuma wadda ke riƙe da lambarka ta san kakan zo. Wannan shi ne abin da ya canza amsar da zan ba ka daga wadda zan bai wa wani. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun shahara da ƙa'idar toshe kafa, wato abin da halal ne a karan kansa yakan zama haramun idan zato mai rinjaye ya nuna shi ne hanyar faɗawa haramun. Don haka in ka auna kanka tsakani da Allah ka ga galibi za ka sake sauka, ko za ka ɗaga wayar in ta kira, to bai halatta ka koma wannan otal ba, sai ka nemi kamfani ya canza maka. In kuwa ka tabbata za ka iya riƙe kanka, ya halatta, da sharaɗin ka toshe lambar tun kana Kano, ƙafarka kuma ba za ta taka mashayar ba. Shawarata ta ɗan'uwa ita ce ko a hali na biyun ka nemi canji. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ba na raina kaɗaicin da ka ambata. Ni ma tafiya ta sha kai ni irin waɗannan masaukai, na san shirun da ke sauka bayan isha'i: labule mai kauri, gado mai faɗin da zai ɗauki mutum huɗu, babu abin da kake ji sai hucin na'urar sanyaya ɗaki, ba kukan yaro, ba sallamar maƙwabci. Mutumin da ya saba daga ya fito zaure sai gaisuwa har masallaci, sai ya ji kamar an rufe shi a akwati. Ga wani abu kuma da ba ma son faɗa: da yawanmu a gida idon mutane ne ke ɗauke mana rabin aikin taƙawa. Mai shayin bakin layi ya san ka, limamin unguwa ya san mahaifinka. A hawa na tara a Ikoyi babu ko ɗaya daga cikinsu. Hadisin Sauban a wajen Ibn Majah, kan mutanen da za su zo da ayyuka kamar duwatsun Tihama a mai da su ƙura saboda in sun kaɗaita da haramun sai su keta, a irin wannan ɗaki yake da daɗin tunawa. Wannan ɓangare na hikimar hanin kaɗaici, wato shaiɗan ya fi samun mutum ɗaya, shi kam jirgi da masu gadi ba su ɗage shi ba.

Maganinsa kada ka bar dare fanko. Obalende na nan kusa da kai, 'yan'uwanmu Hausawa sun daɗe a wurin, akwai masallatai. Ka yi magariba da isha'i a cikin jam'i, ka ci tsirenka, ka dawo da wuri. Ka sa lokaci tsayayye na kiran iyalinka ta bidiyo, yara su gan ka. In ƙwallon ce ta zame maka dole, akwai talabijin a ɗakinka, amma ka san tashar da kake tsayawa. Da ka shiga ɗaki ka karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", addu'ar sauka a masauki da Muslim ya ruwaito daga Khaula 'yar Hakim.

Mai gyaran ɗaki in mace ce kada ƙofa ta rufe ku biyu a ciki; ka fita har ta gama, ko ka rataya ɗan katin nan na kada a dame ka. Wurin ninƙaya da maza da mata ke cakuɗa ba naka ba ne. A teburin karin kumallo ka tambaya kafin ka ɗiba, domin sirara-siraran naman nan da tsiran Turawa sau da yawa alade ne. Ka saka buta ƙarama da darduma a jakarka. Kafet ɗin ɗaki mai tsarki ne har sai ka ga najasa da idonka, kada waswasi ya wahalar da kai. Alƙibla a Legas gabas ce mai karkata arewa, kusan digiri 63 daga arewa, manhajar waya za ta nuna maka.

Batun salla kuwa, cikawa za ka yi. A wajen Malik niyyar zaman kwana huɗu cikakku na yanke hukuncin tafiya, kai kuma daga Litinin zuwa Juma'a kwana biyar ne cif, ban da ranar shiga da ranar fita. Hanafiyya sun kai shi kwana 15, amma ka tsaya a kan abin da ka taso a kai. Kasarunka a hanya ne kawai, zuwa da dawowa. Juma'a ma ta hau kanka tunda ka zama mazauni, don haka tun ranar Litinin ka sanar da masu shirya kwas ɗin cewa za ka fita, kuma ka ba cunkoson Legas haƙƙinsa.

In kamfani ya yarda ka koma masauki mai rahusa, ka duba yadda suke biya. In kuɗin kwana suke ba ka dunƙule ka yi yadda ka so, rarar taka ce. In kuwa da rasit suke biya, ba ya halatta ka kawo na otal ɗin da ba ka kwana ba, ko ka sa a ƙara maka adadi. Wallahu a'alam.