Yawan ɗalibai a rajista yana nuna makarantar firamare tana ƙoƙari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mamba ne a kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantarmu. A ƙaramar hukumarmu kowa yana cewa firamaren cikin gari ta fi kowace, saboda ta fi yawan ɗalibai, ta ƙauyenmu kuma ita ce koma baya. Ta yaya zan gane gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yawan sunaye a rajista yana nuna yaran da aka rubuta ne kawai. Bai faɗa maka nawa ne ke zuwa ba, balle nawa suka iya karatu. Tun da dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara kyauta kuma dole, aka fi damuwa da shigar da yara, shi ya sa wannan adadi ya fi yawo a bakin mutane.

Fara da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A can ake tara fom ɗin ƙidayar makarantu na kowace shekara kafin a miƙa wa SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma a ciki akwai yawan maza da mata aji-aji, da malamai da takardunsu, da ɗakunan karatu. Sai dai hedimasta ne ke cike shi, wani lokaci kuma sunan yaron da ya tafi ci-rani ko aka mayar almajiranci yana nan ba a goge ba. Don haka ka je da kanka ka ƙirga kawuna sau uku: ranar da babu komai, ranar kasuwar garinku, da wata rana a tsakiyar damina lokacin noman farko. A ce rajista ta nuna 80 a aji uku amma ka tarar da 45, to 45 ɗin ne ɗaliban ajin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta aji ɗaya da aji shida na shekara guda. Yaran ba ɗaya ba ne. Ka nemi tsohuwar rajistar da 'yan aji shida na bana suka shiga aji ɗaya da ita, ka ga nawa suka rage, maza daban, mata daban. Ka raba yawan mata da yawan maza a kowane aji. Idan sakamakon ya faɗa tsakanin 0.97 da 1.03 an yi daidai. Sau da yawa za ka ga ƙananan azuzuwa lafiya lau, sai daga aji huɗu mata su fara zarewa saboda talla, aikin gida, ko rashin bandaki na mata a makarantar.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne ko yaran sun iya karatu, kuma gwada shi ba ya buƙatar kuɗi. Gwajin da zan bayyana maka irin wanda aka yi amfani da shi ne da Hausa a shirye-shiryen koyar da yara karatu: Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Ka ɗauki yara goma daga aji uku ta hanyar bin rajista, misali kowane suna na biyar. Kada ka bari malami ya zaɓa maka, don gwanaye zai kawo. Ka rubuta ɗan labari da Hausa mai kalma kamar 60, wanda ba ya cikin littafinsu, domin yaran da suka saba maimaita abin da malami ya faɗa da murya ɗaya suna iya rera maka shafi guda alhali idonsu yana kan rufin aji. Kowane yaro ya zo shi kaɗai, ka ba shi minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Idan ya tsaya a kan kalma daƙiƙa uku, ka nuna masa ta gaba. Idan layin farko gaba ɗaya ya gagare shi, ka tsayar da gwajin cikin sakin fuska, ka rubuta sifili. Yawan masu sifilin nan shi ne ma'aunin da za ka kwatanta makarantun biyu da shi.

Kafin ka yanke hukunci, ka duba su waye yaran. Ɗan ma'aikaci da ya yi rabin aji ya shigo firamare yana da shekara shida ba ɗaya yake da yaron ruga da ke jin Fulatanci a gida, ya shigo yana da shekara tara, ga tafiyar kilomita uku kullum. Haka yaran da rikicin 'yan bindiga ya raba da garuruwansu suka shigo a tsakiyar zango. Adalci shi ne a gwada yaran a farkon shekara, a sake gwada su a ƙarshenta, a ga wace makaranta ce ta fi ɗaga nata.

Sai malamai. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma takardar shaidar malanta ta NCE ce mafi ƙarancin takarda. A ƙirga malaman da ke shiga aji kawai, ban da waɗanda sunansu ke takardar albashi ba a ganinsu. Takardar ma ba ta wadatar ba: a 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 da aka gindaya.

Idan ka haɗa duk wannan a takarda ɗaya, ka kai taron kwamiti, sannan ku miƙa wa sakataren ilimi da buƙata guda takamaimai, misali a turo malamin da aka horar kan koyar da karatu zuwa aji ɗaya da aji biyu, tunda a nan ne masu sifili suke fara taruwa.