Tambaya da Amsa: Shin ƙera randa ma bincike ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karantar zane da ƙere-ƙere. Ina so aikina na kammalawa ya zama a kan randar sanyaya kayan miya, domin amfanin masu saro tumatir daga kasuwar Yankaba suna kasa shi don sayarwa a cikin unguwa. Amma ana ta ce mini wannan aikin hannu ne, ba bincike ba. Ina mafita? Daga wata mai karatu a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki karaya. Ƙira tana zama bincike idan akwai tambayar da ake nema wa amsa, aka auna, aka rubuta yadda wani zai iya maimaitawa. Ita wannan randa cikin randa, Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ke naki aikin shi ne gano wane fasali ya dace da mai tumatir a cikin birnin Kano, inda gida ba fili, ruwa kuma sai an saya wajen 'yan ga-ruwa.

Ki sa magina tukwane su yi miki randuna uku iri ɗaya, kowacce da ƙaramarta da za ta zauna a ciki. Ki zuba yashi mai kauri a gindin babbar, ki ɗora ƙaramar har bakinsu ya zo daidai, ki cike tsakaninsu da yashi. Abu ɗaya tak za ki bambanta: tazarar yashin, santimita 3 a ta farko, 5 a ta biyu, 7 a ta uku, wato girman ƙananan randunan ne zai bambanta. In kika canja yashi da murfi da wuri a lokaci guda, ba za ki taɓa sanin wanne ya yi aikin ba. A gefe ki ajiye kwando, tumatirin da ke ciki kilo 2 kamar na kowace randa, daga sari ɗaya. Kwandon nan shi ne shaidarki, da shi za ki kwatanta aikin randunan.

Ki jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ki riƙa rubuta litar ruwan da kowacce ta sha. Ki duba ma'aunin zafi ƙarfe 7 na safe, 2 na rana da 6 na yamma, ciki da waje. Kullum ki ɗora tumatirin a sikeli, ki ƙirga wanda ya yi laushi.

Inda ake faɗuwa kuwa sanannu ne. Sanyin daga ruwan da ke tsatstsafowa ta jikin randa yake zuwa, iska tana kwashe shi da zafin ciki. Saboda haka randar da aka shafa wa fenti ko siminti ta mutu. Wadda aka kulle a lungun ɗaki ma haka. A sa ta a inuwa mai iska, a ɗaga ta kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu. Ruwa mai gishiri yakan bar farin ɓawo ya toshe ƙofofin yumɓu, sai an goge da burushi. In ƙaramar randar tana yoyo, ruwa ya kwanta ƙarƙashin tumatir, kwana biyu ya ruɓe. Albasa kuma kada ta shiga, ita bushewa take so.

Ki yi gwajin a Afrilu, ki sake shi a Agusta. Iskar damina cike take da laima, ruwan ba ya bushewa, za ki ga randar ta rage ƙarfi sosai. Ki rubuta hakan, sakamako ne mai daraja.

Batun ɗorewa, a nan muke so ki fi natsuwa. Ki tambayi magina itace ko kara nawa gashin randa ɗaya yake ci, ki lissafa kuɗin jarkar ruwa na wata guda, ki gwada shi da kuɗin tumatirin da aka tsirar. Sannan ki bar randa ɗaya mako biyu a hannun mai sana'ar. In ta ce nauyinta ya hana ta matsar da ita idan rana ta juyo, to randa ta huɗu da za ki zana sai ta zo da hannuwa, ko a rage mata girma.