Wace sanarwa ce ta dace da zauren ƙungiya?

Malam sakatare, ka ce zauren WhatsApp na sanarwar ƙungiyar unguwarku a Gusau ya cika da talla da hotunan barka da Juma'a, har sanarwar taro tana ɓacewa a ciki. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane saƙo: shin kowa a ƙungiyar na buƙatar saninsa, kuma akwai abin da ake so ya yi? Ranar taro da wurinsa, kuɗin wata, aikin gayya na yashe magudanan ruwa kafin damina, rasuwa da lokacin jana'iza, duk sun shiga. Tallan atamfa da gardamar siyasa su koma zauren hira daban. WhatsApp na da saitin da shugabannin zaure kaɗai ke iya tura saƙo, ku kunna shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne labarin tsaro. Saƙon murya guda da ya ce 'yan bindiga sun tare hanyar Funtuwa ya isa ya hana mutane fita neman abinci, alhali wataƙila na bara ne aka sake turowa. Kada a sa shi sai an tabbatar daga mai unguwa ko jami'an tsaro, a kuma rubuta rana da lokaci. Maganar kwalara ko rigakafi ma, ku tambayi ma'aikacin asibiti mafi kusa, ku sa abin da ya faɗa kawai.

Neman taimako ga mara lafiya kuwa sai da yardar iyalinsa, kuma lambar asusun ƙungiya za a bayar, ba ta wani mutum ba.